Yadda Ake Shirya Rufin Shago, Filaza ko Sito Kafin Zafin Bazara Ya Kankama

Duk mai shago a hawan ƙarshe na filaza, ko mai sito da aka rufe da kwano, ya san yadda ƙarfe biyu na rana take a watan Afrilu. Fanka tana juyawa amma iska mai zafi take turowa. Masu saye suna leƙowa su wuce ba su tsaya taya kaya ba. Mai kemis kuwa hankalinsa yana kan kanta, domin yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su inda zafi ya haura digiri 25 ko 30. Abin da aka fi saurin yi shi ne a ƙaro na'urar sanyaya ɗaki, a ƙara wa janareta mai. Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi sama ba, alhali a gini mai hawa ɗaya, ko a hawan ƙarshe na bene, mafi yawan zafin daga rufi yake saukowa.

A Sakkwato, Maiduguri, Nguru ko Yamai, ba baƙon abu ba ne zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuma a inuwa ake yin wannan awon. Kwano mai duhun launi da rana ta buga tsaye yakan kai digiri 70, da asuba kuma ya sauko zuwa ashirin da ɗoriya. Ƙarfe kuwa miƙewa yake yi idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce. Fallen alminiyum mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 50, tsawonsa yana ƙaruwa da kusan milimita 12, na baƙin ƙarfe kuma da kusan milimita 6. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji a rufi da hantsi da bayan magariba ke nan. Kullum sai kwanon ya yi wannan kai-komo, yana goga jikinsa da kusa, yana faɗaɗa ramin, yana yage gam ɗin da aka liƙe mahaɗa da shi. A bazara ba za ka ga ɓarnar ba tunda ba ruwa. Sai ranar da hadarin farko ya taso daga gabas da guguwarsa, abin da zafi ya sassauta iska ta zo ta kwashe. Saboda haka shirin bazara da shirin farkon damina aiki ɗaya ne, kuma bi da bi ake yin sa: a duba, a share, a ɗaure, a toshe, sannan a zo kan maganin zafin.

Lokacin aiki da wanda zai hau

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris ya fi dacewa. Idan ka yi gaggawa ka fara a Disamba ko Janairu, ƙurar hunturu za ta kwanta a kan ɗanyen fenti, ta kuma sake cika magudanar da ka share. Idan ka yi jinkiri har Afrilu, babu kafintan da zai iya tsayawa a kan kwano bayan ƙarfe goma na safe. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na shekara tun farkon shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar damina a kowace jiha. Ka duba na jiharku, ka tabbatar an gama komai da aƙalla wata guda kafin lokacin.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu. Idan haka ta kasance, a hau da gari ya waye, a sauko da hantsi, ko da aikin zai ɗauki kwanaki fiye da yadda aka so. Wanda ya fara jin jiri, ko maganarsa ta fara rikicewa, ko gumi ya ɗauke masa alhali jikinsa ya yi zafi rau, a sauko da shi inuwa nan take, a kwara masa ruwa, a wuce da shi asibiti.

Mutum ɗaya ba ya hawa rufi shi kaɗai. Takalmi mai tafin roba za a sa, ba silifas ba. A kafa tsani da tazarar mita ɗaya daga bango ga kowane mita huɗu na tsayi, kansa ya zarce bakin rufin da kamar mita ɗaya, a ɗaure shi. A kan kwano, layin kusoshi ake takawa, domin nan ne katako yake a ƙasa, ko a shimfiɗa falanki a bi ta kansa. Fallen roba mai shigo da haske da ake sawa a sito ba a taka shi ko kusa. Ƙura takan rufe shi ya saje da sauran kwanon, shi ya sa ya kamata a zagaye shi da jan fenti tun ranar farko. A kuma dubi wayoyin lantarki da suka ratsa kusa da ginin kafin a ɗaga dogon falle ko tsanin ƙarfe. Idan tsohon rufin asbestos ne, kada a kankare shi, kada a huda shi, kada a wanke shi da injin feshin ruwa, domin ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa. A nemi wanda ya san aikinsa.

Ka fara daga ciki

Kafin kowa ya taka rufi, a buɗe ƙofar silin da rana a shiga da tocila. Bayan an zauna daidai a kan katako, a kashe tocilar a jira ido ya saba da duhu. Duk ɗigon hasken da ka gani a sama, rami ne. Ka zura tsinken tsintsiya ta ramin ya leƙa waje, wanda zai hau sama daga baya ya gan shi ya zagaye wurin da alli. Wannan dabarar ta fi awa guda na rarrafe a kan kwano ana neman huda da ido.

Sai ka kunna tocila ka bi katako ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙwanƙwasa da gindin sukudireba, sannan ka caka bakinsa. Idan ya yi ƙarar holoƙo ko ya nutse cikin sauƙi, gara ta riga ka. Hanyarta ta jar ƙasa takan hau ta kusurwar bango. Katakon da ta ci canja shi ake yi, sauran kuma a shafe su da maganin gara. Kusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako, don haka duk ɗaurin da za a yi a sama banza ne idan ba a gyara nan ba.

Tabon ruwa a silin ba lalle ne ya nuna inda yoyon yake ba. Ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, sai ka bi sawunsa zuwa sama. Idan akwai kashin jemage ko na tantabara, a sa takunkumi, a yayyafa ruwa kafin a kwashe.

Tunda kana ciki, dubi wayoyin wuta. Zafin cikin silin yana busar da robar waya ta dinga farfashewa, ɓera ya ƙarasa sauran. A filazar da kowane ɗan haya ya kira nasa mai gyaran wuta ya ja masa layin janareta ko na sola, za ka tarar da mahaɗai da aka murɗe da hannu aka naɗe da tef, suna kwance a kan busasshen katako. A bazara kuma ake ɗora wa waɗannan wayoyi kaya mafi nauyi, firji da firiza da na'urar sanyi duk a lokaci guda. Ka kira ƙwararren mai aikin lantarki ya sa su cikin bututu, mahaɗan kuma cikin akwati.

Shara

A share rufin tas, a sauko da guntayen katako, tsofaffin dish da buhunan siminti da suka daskare tun lokacin gini. Inda ya fi buƙatar kulawa shi ne magudanar da ke ɓoye a bayan katangar saman gini, irin wadda ake yi wa filazoji don kada a hango kwano daga titi. Ba wanda ke ganin ta daga ƙasa, sai ta cika da ƙasar hunturu, ganyen darbejiya, ledar ruwa da sheƙar tsuntsaye. Yi lissafi ka gani: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 400, idan aka yi ruwan milimita 50, lita 20,000 ne za su nemi hanyar fita. Idan bututun ya toshe, ta cikin silin za su bi su sauka a kan kayan mutane.

Bayan an kwashe dattin, a zuba bokiti biyu ko uku a bakin kowane bututu, wani ya tsaya a ƙasa ya ga ko ruwan ya fito da ƙarfi. A sa ragar waya a bakin. Reshen da ke goga rufi a datse shi, amma kada a sare itacen, musamman wanda ke yamma da ginin, shi ke tare ranar la'asar.

Ɗaurin kwano

Nan ne aikin yake da cin rai, nan ne kuma masu aiki suka fi yin ha'inci, domin sun san mai gini ba zai hau ya ƙirga kusoshi ba.

Kusar da ta ɗago kai, ba a mayar da ita da guduma cikin tsohon raminta. Ramin ya riga ya buɗe, kwana kaɗan za ta sake fitowa. A zare ta, a sa kusa mai zare wadda ta ɗan fi ta kauri da tsawo, mai roba a ƙarƙashin kanta. Robar nan ita ke hana ruwa shiga, kuma rana tana cinye ta da shekaru. Ka murza ta da yatsa, idan ta marmashe ko ta bar maka baƙi a hannu, ta gama aiki. Wajen ɗaurewa a tsaya da zarar robar ta ɗan baje. Idan aka matse har ta fito ta gefe ko kwanon ya lotsa, an yi wa ruwa ɗan tafki a daidai bakin rami. A kwano mai tudu da kwari, a kan tudun ake bugawa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba.

Iska ba daga tsakiya take fara yaye rufi ba. Kusurwoyi, gefuna da ƙololuwa take fara ɗagawa, da ta samu falle ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa, sauran sun zama nata. Don haka a waɗannan wuraren a ninka yawan kusoshi. A kuma duba yadda aka ɗaure katakon rufin da bango. Idan rodin ko ƙarfen ɗaurin ya yi tsatsa ko ya kwance, kwano da katako za su tashi tare, komai kyan kusoshin. Jera duwatsu, bulo da tsofaffin tayoyi a kan rufi ba ɗauri ba ne. Suna tara ƙasa da laima su ruɓar da kwanon, ranar babbar iska kuma su faɗo a kan mai wucewa.

Tsatsar da ba ta huda ba, a goge ta da burushin waya har ƙarfe ya fito, a share garin, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar. Fallen da ya zama rariya a canja shi, faci a kansa asarar kuɗi ce. Idan za a sayi sabon alminiyum, a tambayi kaurinsa a kuma auna a gabanka. Ana samun 0.45, 0.55 da 0.7 na milimita, kuma ga rufi mai faɗi irin na sito, na fi son a guji mafi sirantar. Gefen falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi a kwano mai ƙananan tudu, kai da kai kuma su haɗu da santimita 15 zuwa 20.

Akwai abubuwan da ba sa ga maciji da juna. Kusar baƙin ƙarfe a jikin alminiyum, ko wayar tagulla ta maganin tsawa da ke kwance a kansa, suna cin kwanon a hankali idan laima ta shiga tsakani. Ɗanyen siminti ma yana cin alminiyum. Garin ƙarfen da ke zuba idan an huda ko an yanka kwano, a share shi kafin a sauko, in ba haka ba kowane ƙwaya zai bar ɗigon tsatsa.

Inda kwano ya haɗu da bango, abin da birkiloli suka saba yi shi ne su cusa kwaɓaɓɓen siminti su shafe. Shekara ɗaya ko biyu ya tsage, domin kwano yana motsi, siminti ba ya yi. Gyaran da ke daɗewa shi ne a tsaga siririn layi a jikin bango, a lanƙwasa fallen kwano a cusa bakinsa cikin tsagar, ƙasansa ya kwanta a kan rufin ba tare da an kafe shi ƙam ba, sannan a cike tsagar da gam mai talewa. Idan silikon za a sa a kan kwanon zinki, a shinshina: mai warin tsami da ke hawa kai yana cin zinki, a nemi wanda ba ya wannan warin. Tef mai kwalta yana rufa asiri a ƙaramar huda, amma sai an wanke wurin ya bushe, kuma kada a ɗauke shi a matsayin gyaran dindindin.

Idan rufin dekin ne

Kankare ba ya zafi da sauri kamar kwano, amma yana tara zafin yini ya dinga sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. Shi ya sa otal ko asibitin da ke ƙarƙashin dekin ya fi wahala da dare.

Bayan shara, nemi zoben busasshen taɓo a saman dekin. Nan ne ruwa ya kwanta a daminar bara. Ruwan da ya wuce kwana biyu a wuri ɗaya matsala ne. Ana so saman ya gangara zuwa bakin magudana da aƙalla santimita ɗaya a kowane santimita 80, kuma wurin da ya lotsa a cike shi da siminti mai maganin hana ruwa. Siririyar tsaga kamar gashi, a ɗan buɗe ta da abin yanka, a hure ƙurar, a cika da gam mai talewa. Amma tsagar da ta buɗe baki sosai, ko wadda ta ratsa har ƙasa, ko ka ga jan tabon tsatsa da rodi a waje ta cikin ɗaki, wannan ta wuce birkila. A kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya gani kafin a rufe ta da wani abu.

Shimfiɗar kwalta da ake ƙonawa a liƙa a kan dekin takan yi ƙuraje idan laima ta maƙale a ƙarƙashinta rana ta dafa. A tsaga ƙurjin gicciye, a buɗe leɓunan a bar wurin ya bushe sarai, a liƙe, a ɗora faci da ya zarce tsagar da santimita 15 ta kowane gefe. A bi gindin katanga a tabbatar shimfiɗar ta hau bango da aƙalla santimita 15 kuma bakinta bai saki ba. Baƙar kwalta a fili kuwa ita ce mafi munin abin da za ka bari a ƙarƙashin ranar Afrilu: tana shan zafi, rana kuma tana busar da ita ta tsattsage. A rufe ta da fenti mai haske wanda aka yi don kwalta, domin fenti na gama-gari yakan rine ya koma ruwan ƙasa. Magina na dauri a Kano da Zariya ba su taɓa ɗaukar rufin soro a matsayin aikin da aka gama ba. Kafin damina sai an bi shi da yaɓe, an gyara bakin indararo. Dekin ma haka yake so, sai dai mun ɗauka tunda siminti ne ya fi ƙarfin kulawa.

Wanda ke da hali, ya ɗora wa dekin rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe, da tazarar da iska za ta ratsa. Rana ba za ta taɓa kankaren ba sam. Sai dai a ɗaure ƙafafun rumfar da ginshiƙan ginin sosai, kuma injiniya ya amince.

Kayan da aka jibge a sama

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tankin lita 5,000 tan biyar ne. Mazauninsa ya kasance a kan ginshiƙi ko bim, wato dogarin kankare da ke ɗauke da dekin, ba tsakiyar dekin ba. A gyara abin da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, domin ambaliyar tanki ta kullum ta fi ruwan sama lalata rufi. Bututun roba da ke kwance a rana a naɗe su ko a yi musu fenti fari.

Injin na'urar sanyi da ke waje, a kashe wuta a wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi. Ƙurar hunturu da ta toshe shi tana sa shi shan wuta da yawa yana ba da sanyi kaɗan. A yi masa inuwa daga sama, a bar gefuna a buɗe. A sake naɗe bututunsa idan soson da ke lulluɓe da shi ya zube, ruwan da yake ɗigarwa kuma a ja shi zuwa magudana.

Faifan sola ana auna ƙarfinsa ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari. Faifan da ya kai digiri 65 ya yi asarar kashi 12 zuwa 20 ke nan, tun ba a yi maganar ƙura ba. A bar masa tazarar aƙalla santimita 10 daga rufi don iska ta bi ta ƙasa, a wanke shi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A duba duk inda masu kafawa suka huda rufin. Batura kuwa ba wurinsu ba ne cikin silin ko ɗakin da ya fi kowanne zafi. Allon talla da aka kafa a saman gini a duba waldarsa da notinansa, shi iska ke fara kamawa.

Farin fenti

Sai yanzu aka zo kansa, kuma da gangan na ajiye shi a nan. Fenti ba ya ɗaure kusa, ba ya kashe tsatsar da aka rufe da shi. Wanda ya fara da fenti ya ɓoye wa kansa matsalar ne kawai.

Baƙin rufi yana shanye kusan duk hasken ranar da ya sauka a kansa. Sabon farin fenti mai kyau yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Bambancin zafin saman rufin yakan kai digiri 20 ko fiye da tsakar rana, a cikin ɗaki kuma ana samun sauƙin digiri biyu zuwa biyar, gwargwadon irin ginin. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafinsa ke gogayya da namu, ya sa farin rufi cikin shirinsa na yaƙi da zafi tun 2017, kuma da farar ƙasa aka shafe rufin gidajen talakawa da dama. Mu kuwa yayin da ake yi yanzu shi ne kwano baƙi, ruwan toka mai duhu ko shuɗi mai duhu, saboda ya fi kyau a hoto. Ga gidan kwana ra'ayin mai gida ne. Ga wurin kasuwanci, kuɗin dizal ne ake ƙonawa saboda launi.

Kada ƙyallin kwanon zinki ya ruɗe ka. Ƙarfe tsirara yana mayar da haske, amma ba ya iya sakin zafin da ya riga ya sha, shi ya sa yake ƙuna a hannu. Farin fenti yana yin duka biyun.

Farar ƙasa ita ce mafi araha, tana kuma aiki a kan dekin, sai dai damina tana wanke ta, kowace shekara sai an sake. Ba a shafa ta a kan alminiyum ko zinki, tana cin su. Ga kwano, fentin rufi ake nema, mai talewa, wanda aka rubuta a jikin bokitinsa cewa na rufi ne. Fentin bango na cikin ɗaki zai saɓule tun kafin damina ta raba. Araha ba ta ado. A dekin da ruwa ke kwanciya, fentin da ake sirkawa da ruwa ba ya jurewa, sai an gyara gangaren tukuna.

A wanke rufin da ruwa da omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe kwana guda. Sabon zinki da alminiyum suna da santsi, sai an fara shafa musu fentin share fage da ya dace da su. A shafa hannu na farko da sassafe ko bayan la'asar, ba a kan kwano mai zafi ba, domin zai bushe kafin ya kama, ya yi ƙuraje. A jira awannin da aka rubuta a bokiti, a shafa hannu na biyu. A dekin, na biyun ya gitta na farko. Kada a bari mai fenti ya tsinka shi da ruwa don ya ƙara auki, kaurin shi ne amfanin. Ka lissafa bokiti nawa faɗin rufinka zai ci bisa abin da kamfanin ya rubuta, idan an gama ka ƙirga bokitan da suka ƙare.

Idan kana shakka, gwada a falle biyu kawai. Da ƙarfe ɗaya na rana ka auna su da na kusa da su da ma'aunin zafi na masu aikin injin, ba na jikin mutum ba. Ƙura tana rage hasken fentin, don haka wanki sau ɗaya bayan hunturu ya zama al'ada.

Hanyar da zafi zai fita

Ginin zamani ana rufe bakin rufinsa ruf, a yi silin na POP, ba a bar ko kafar allura ba. Iskar da ke tsakanin kwano da silin sai ta zama tanderu, tana gasa silin, silin yana gasa mutane. Iska mai zafi sama take hawa, saboda haka ƙofa biyu take buƙata: ta shiga a ƙasa, wajen bakin rufi, da ta fita a sama, wajen ƙololuwa ko saman bangon gefe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce murabba'in mita ɗaya na kafa ga kowane murabba'in mita 150 na silin, rabi a ƙasa rabi a sama. A sa raga saboda tsuntsu da jemage, a yi musu baki mai kallon ƙasa saboda feshin ruwa. A sito marar silin, fankar saman rufi da iska ke juyawa tana taimakawa, amma sai an bar wa sabuwar iska hanyar shiga ta ƙasa.

Takardar alminiyum mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano tana aiki ne kawai idan fuskarta mai ƙyalli tana kallon sarari na aƙalla santimita biyu da rabi. Idan aka manne ta tsakanin abu biyu, an yi asarar kuɗi. A ƙasarmu mai ƙura, gara ƙyallin ya kalli ƙasa. Audugar gilashi mai tare zafi, mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a kan silin ita ta fi amfani ga ofis ko kantin da ke kunna na'urar sanyi yini guda. A sa safar hannu da takunkumi wajen shimfiɗa ta, kada a rufe fitilu da ita. Farin soso irin na cikin kwalin firji yana kama wuta da sauri, ban ba da shawarar a sa shi tsirara kusa da wayoyi ba.

Idan kuɗi bai isa a yi duka a shekara ɗaya ba, a fara da kusoshi, katako, magudana da wayoyi. Sai kafofin iska, waɗanda ba su da tsada. Sai fenti. Audugar gilashi ta jira baɗi.

Ciniki da mai aiki

A filaza, a zauna da 'yan haya tun kafin a fara. Gyaran rufi bisa al'ada na mai gini ne, amma fenti da abin tare zafi 'yan hawan sama ne za su fi cin moriyarsu, kuma sau da yawa sukan yarda su sa hannu idan an nuna musu lissafi. A sanar da su ranar aiki su rufe kayansu da tamfol.

A rubuta yarjejeniya da kafinta ko ɗan kwangila: falle nawa za a canja, wace irin kusa, wane fenti, hannu nawa. Ka sayi kayan da kanka ko a buɗe su a gabanka. Ka sa a ɗauki hoton kowane wuri da waya kafin gyara da bayansa, tunda ba kai za ka hau ba. Sannan ka faɗa masa tun farko, a gaban shaida: “Malam, cikon kuɗinka sai an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya mun shiga silin tare.” Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan sharaɗi. Washegarin ruwan, ku shiga da tocila ku bi wuraren da aka yi wa alama da alli, ku hau ku duba kusurwoyi da bakin magudana, abin da ya saki ya gyara a ranar, sannan ka cika masa kuɗinsa.